Wayarka Ce, Amma Mabuɗin Yana Hannun Wa?

Ya 'yan'uwa, a watan Oktoba na 2021 kamfanin Apple ya cire manhajar Quran Majeed daga shagonsa na ƙasar Sin, bisa buƙatar hukumomin ƙasar. Musulmin can mai iPhone bai da wata ƙofa, domin wayar ba ta karɓar manhaja daga wajen shagon.

Kada mu ce abin ya yi mana nisa. Ɗalibaina ta Xender suke tura wa juna manhajar Alƙur'ani, ba ko sisin data. To, a 2025 Google ya sanar cewa zai wajabta wa masu ƙera manhajar Android su tantance kansu wurinsa, ko da ba ta Play Store za a ɗauko ta ba.

Hujjarsu tsaro, kuma ban musa akwai 'yan damfara ba. Sai dai hajru a fiƙihu ana yin sa ne kan irin su yaro da mahaukaci da safihi, ba kan baligi rashidi cikin abin da ya saya da guminsa ba. Kuma da Tarayyar Turai ta matsa lamba, ai a 2024 Apple ya buɗe ƙofar a can. Ashe tana buɗuwa! Bature ne rashidi, mu ne safihai?