Abin da na tarar a ƙarƙashin bishiyar agwaluma

Kwanakin baya wata tsohuwar ɗalibata a Islamiyya, wadda yanzu ke nazarin adabin Turanci a jami'a, ta kawo mini wani littafi tare da tambaya: "Malam, na ji tausayin yarinyar da ke cikin labarin nan, shin na yi zunubi?" Na ce ta bar mini shi tukuna, domin bai kamata mutum ya yi fatawa a kan abin da bai karanta ba.

Littafin shi ne Under the Udala Trees (udala ita ce agwaluma), na Chinelo Okparanta, haifaffiyar Fatakwal mazauniyar Amurka. Ya fito a 2015, bayan da shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Janairun 2014 kan dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi. Labarin Ijeoma ne, 'yar ƙabilar Ibo da mahaifinta ya mutu a ruwan bama-bamai a 1968, lokacin yaƙin Biyafara, aka kai ta aikatau gidan wani malamin makaranta a Nnewi. Can ta haɗu da Amina, marainiya Bahaushiya, shaƙuwarsu ta wuce ta ƙawance, har aka kama su.

Kada mai karatu ya yi zaton littafin ya sauya mini fahimta. Madigo haramun ne, ban kuwa rufe littafin da wani ra'ayi daban ba, duk da cewa marubuciyar ba ta ɓoye inda take son kai mu ba. To amma akwai wurin da ya hana ni barci, wato darussan uwar Ijeoma. Bayan asiri ya tonu, uwar ta riƙa zaunar da 'yarta kullum suna bin Baibul babi bayan babi, har da ƙissar mutanen Annabi Luɗu (AS). Yarinyar tana da tambayoyi, uwar kuwa amsarta guda ce, ta tsoratarwa, wadda take maimaitawa har ta daina shiga kunne. Me yarinyar ta koya a ƙarshe? Ta koyi gyaɗa kai, ta koyi ɓoye abin da ke zuciyarta.

Wallahi kaina na gani a wannan uwa, duk da addininmu ba ɗaya ba ne. Sau nawa yaro ya ɗaga hannu a aji da tambaya mai nauyi, muka ce masa "yi shiru, ba ka da kunya?" Muna zaton mun kashe tambayar, alhali kuwa mun tura ta intanet ne, inda wani zai amsa masa da fara'a da haƙuri. Saurayin da ya zo wa Manzon Allah (SAW) yana neman izinin zina, sahabbai sun daka masa tsawa, shi kuwa ya matso da shi kusa, ya yi masa tambayoyi game da uwarsa da 'yar uwarsa, sannan ya yi masa addu'a. Mun haddace hadisin nan, aiki da shi ne ya gagare mu.

Akwai kuma inda gungun mutane suka ƙone wata mata da ranta. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani: azabtarwa da wuta haramun ce, hukunci aikin alƙali ne bayan hujja, Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane.

Don haka na ce wa ɗalibata tausayi daban, yarda daban. Ba ta yi zunubi ba, amma ta karanta da idon basira, ta san inda labari ke janta.

Ƙorafina na adabi kuwa a kan Amina yake. An kawo ta ne kawai don ta zama "ɗaya ɓangaren" na yaƙi. Ba mu ji harshenta sosai ba, ba mu ga sallarta ko tarbiyyar gidansu yadda za ta yi tasiri a zaɓinta ba, sai ga shi ta yi aure ta fice daga labarin. Da na faɗa wa ɗalibata haka, sai ta yi murmushi ta ce, "Ai Malam, a kan wannan zan rubuta jingata."