MURAR DA TA WUCE WATA UKU BA MURA BA CE

Idan hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe garin Keffi, da wuya a shiga gida ba a tarar da mai mura ba. To, amma mura ta gaskiya ba ta cika wuce kwana 10 ba. Wadda ta zarce mako 12 kuwa, likitoci sun ce wata cuta ce dabam.

A cikin ƙashin fuska, wato goshi da kumatu da tsakanin idanu, akwai waɗansu koguna masu buɗewa cikin hanci. Idan fatar da ta shimfiɗe su ta daɗe tana kumbure, takan fitar da tsiro mai laushi kamar 'ya'yan inabi, wanda ke toshe hanyar iska, galibi a hanci biyu.

Alamunta huɗu ne: toshewar hanci, majina mai zuba ta gaba ko mai gangarawa maƙogwaro, nauyi a fuska, da daina jin ƙamshi. Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi rainawa, alhali uwargidan da ba ta jin ƙaurin tuwo ba za ta ji warin gas ba in ya tsiyaye a ɗakin girki.

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro yakan zura wani siririn bututu mai fitila ya leƙa can ciki, in da hali a ɗauki hoton CT na fuska. Yakan kuma tambayi ko akwai asma, ko asfirin na tayar wa mutum da numfashi, domin tun 1968 likitoci biyu a Amurka, Samter da Beers, suka bayyana yadda ukun nan ke tafiya tare.

Maganin ɗigawa na kemis yana buɗe hanci nan take, amma in aka wuce mako guda ana sa shi, sai toshewar ta ƙaru. Tsiron da ya fito a hanci ɗaya tak, balle da jini, shi kam ba a jinkiri da shi, don wani lokaci daji ne.

Mutanen Keffi ba su da uzurin nisa, ga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya nan a garinsu tun shekarar 2000. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ƙara lafiya, amin.