Yaran Gure na Bukatar Inuwa, Ruwa da Filin Wasa

A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu, akasarinsu ƴan ajin share fage. A watan Nuwamba na wannan shekara aka sake irinta a Maraɗi, aƙalla yara 25 suka halaka. Majalisar ministoci ta hana zaunar da ƴan share fage cikin rumfunan zana a duk faɗin ƙasa. Hukuncin ya dace. Sai dai ya bar tambaya ga garuruwa irin su Gure, a gabashin jihar Damagaram, inda ajin siminti bai wadaci ko ƴan firamare ba: ina za a kai ɗan shekara 3 zuwa 5?

Barin sa gida ba amsa ba ce. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta sanya share fage cikin ilimin tushe. Yarjejeniyar haƙƙin yara, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ambaci wasa a matsayin haƙƙi a sashe na 31. Ga yaron Gure da ya tashi da Barbarci, Fulatanci, Tubanci ko Hausa, dandalin wasa ne wurin da yake fara jin harshen maƙwabcinsa kafin ya gamu da Faransanci a aji.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin hukumomin gari ba: fili mai shinge, itatuwan dogon yaro ko aduwa, randar ruwa, makewayi, da malama mai horo wadda ake biya kan lokaci. Fili buɗaɗɗe ba ya rufe yara cikin wuta. Zafin bazara da ƙurar hunturu kuwa, a yi maganinsu da inuwa da karatun safe. Mutanen da suka ƙware wajen kafe tuddan rairayi don kare kwarurrukan dabino da kanwa ba za su kasa raya itace ashirin a harabar makaranta ba.

Amma fili ba ya zama na kowa sai an shirya shi. Keken gurgu yana nutsewa cikin rairayin Gure, don haka a daɓe hanya daga ƙofa zuwa inuwa da makewayi. Wasanni ma a zaɓa da lura. Langa ta mai ƙafa ce, amma carafke a zaune ake yin ta. Makaho yana iya jan waƙar gaɗa ko ya warware kacici-kacici. Kurma yana iya gina shanun laka ya fi kowa. Dokar kare naƙasassu da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da Nijar ta shiga a 2008 ba su da amfani ga yaron da aka bari a zaure, ko aka tura bara, sa'anninsa suna wasa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kamata hukumomin Gure su keɓe fili a kowace unguwa kafin a yanka shi a sayar, masu unguwanni da ƙungiyoyin iyaye su ƙidaya yaran da ke da naƙasa gida-gida, ma'aikatar ilimi kuma ta turo malamai. Wanda ya hana rumfar zana, alhakin samar da madadinta yana wuyansa.