Farin Dumi: Baƙon Asiya Da Ya Zama Ɗan Gari

A bakin ruwan Yawuri, idan masunci ya juye komarsa, giwan ruwa da tarwaɗa ake rububi. Farin dumi, mai kaurin leɓe da yawan ƙaya, sai a tura shi gefe, ya jira wanda kuɗinsa bai kai ba. Da masu wannan ciniki sun san gidan da ya fito, da sun sake taya shi.

Duk wanda ya buɗe bakin dumi ba zai ga haƙori ko ɗaya ba. Haƙoran suna can cikin maƙogwaro, a nan yake niƙa gansakukar da ya kankaro daga jikin duwatsu. Wannan ita ce shasshawar danginsu, waɗanda masana ke kira Cyprinidae, masu jinsi kusan 3,000. Babu dangin kifin ruwan daɗi da ya kai su yawa. A cikinsu akwai wani ɗan mitsitsi na fadamun Sumatra da aka bayyana a 2006, wanda baligarsa ba ta cika milimita 8 ba, akwai kuma ƙaton kogin Mekong da ya fi babban mutum nauyi. Kifin kaf da Turai ke kiwo tun zamanin Rumawa ɗan gidan ne, haka jan kifin ado na Sin. Karfasa kuwa, duk da sunanta ya yi kama da kaf, ba ta haɗa kaka da su ba.

Binciken ƙwayoyin gado da na burbushin ƙasusuwa ya nuna Asiya ce tushen gidan, musamman gabashinta da kudu maso gabas, inda jinsunan suka fi yawa. A lissafin masana, yawancin na Afirka sun shigo ne bayan da doron Afirka da Larabawa ya haɗe da Asiya, shekara kusan miliyan 20 da suka wuce. Ruwan gishiri katanga ne a gare su, shi ya sa Ostireliya da Madagaska ba su da ko ɗaya na asali. Waɗanda suka iso nan suka yi rassa: a tafkin Tana na Habasha kaɗai, reshe guda ya rabu kashi 15 ko fiye.

Wani zai ce wannan hirar 'yan boko ce, ba ta cika tukunya. Amurka ta biya kuɗin irin wannan tunani. A shekarun 1970 ta shigo da kaf na Sin don su share mata tafkunan kiwo. Suka sulale cikin kogin Misisifi, suka cinye abincin 'yan gida, har yau shingen lantarki ne a ruwan kusa da Shikago ke tare su. A Ostireliya ma kaf ɗin Turai ya dagule kogin Murray.

Najeriya ma ta taɓa bin hanyar shigo da baƙon kifi: a shekarun 1950 aka kawo kaf gonar kifi ta Panyam a Filato, inda sanyi ya karɓe shi. Bai zama abincin talaka ba.

Indiya ce ta yi abin koyi. Kifinta mai suna rohu, wanda Indiya da Bangaladash ke kiwo tan-tan, Labeo ne, wato ɗaki ɗaya da farin dumi da baƙin dumi na Neja da Binuwai. Ciyayi da gansakuka yake ci, ba tsadadden abincin buhu da ke karya masu kiwon tarwaɗa ba. Indiyawa sun zauna sun koyi ƙyanƙyasarsa, suka zaɓi iri mai saurin girma.

Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi tana New Bussa, a gaɓar tafkin Kainji, dumi kuma na yawo a ƙofarta. Abin da ya kamata gwamnati ta ba ta shi ne kuɗin ƙyanƙyasa da gwajin dumi a tafkunan manoma, kafin a sake sa hannu a takardar shigo da wani baƙon kifi.