Wasan Kalmomi a Aji: Harafi Ba Ya Isa Sai da Ma'ana



A zangon karatun da ya gabata na yi wa 'yan aji biyar gwajin rubuta kalmomin Turanci. Wani yaro mai kaifin basira ya rubuta "harvest" daidai, babu harafin da ya kuskure. Da na tambaye shi ma'anarta sai ya sunkuyar da kai. Wannan yaro ɗan manomi ne, da hannunsa yake ɗaure damin gero kowace kaka, amma bai san cewa girbin da ya tashi a cikinsa shi ne ya rubuta a allo ba. Laifin ba nasa ba ne. Mu muka koya masa haddar haruffa, muka bar ma'ana a baya.

Ra'ayina shi ne mu shigar da wasannin kalmomi cikin darasin Turanci a makarantunmu na Bichi da Dambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa, amma bisa sharaɗi guda: kalmar da ba a san ma'anarta ba, ba ta da maki.

Wasan kalmomi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A watan Nuwamban 2015 Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya lashe gasar duniya ta Scrabble a birnin Perth na Ostireliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Wasan kuwa wani Ba'amurke ne, Alfred Butts, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930. Ana yin sa da ƙwayoyi 100 masu ɗauke da haruffa, a kan faifai mai gida 15 a tsaye da 15 a kwance, kowane harafi da makinsa. Harafin E da ya fi yawa a Turanci maki ɗaya gare shi, Q da Z kuwa goma-goma. Tun kafin nan, a 1913, jaridar New York World ta buga wasan cike gurabe na Arthur Wynne, inda ake ba ka ma'ana ka nemo kalmar.

Sai dai akwai abin lura. A shekarar da Jighere ya yi nasara, Nigel Richards ɗan New Zealand ya lashe gasar duniya ta Scrabble ta Faransanci alhali ba ya jin Faransanci. Jerin kalmomin ya haddace kawai. Wannan bajinta ce a fagen gasa, amma a aji ita ce ainihin cutar da ke damun mu. Yaron da zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB zai karanta tambayar lissafi da ta kimiyya da Turanci, kuma ba zai sami gurbi a jami'a ba sai da kiredit a Turanci. Hadda ba za ta fisshe shi ba idan bai fahimci abin da ake tambayarsa ba.

To yaya za a yi? Ba sai mun jira kayan wasa daga birni ba. Kwalin taliya da almakashi sun isa a yanka ƙwayoyin haruffa, marafan kwalba ma suna yi. A raba aji rukuni-rukuni, a fara da abin da yaro ya sani. A rubuta "rain", ruwan sama, a ce su ƙara harafi ɗaya: sai ga "grain", hatsi, ga "train", jirgin ƙasa, ga "brain", ƙwaƙwalwa. Ɗan manomi ba zai manta cewa hatsi daga ruwan sama yake fitowa ba. A juya haruffan "earth", ƙasa, su koma "heart", zuciya. A nuna musu cewa "ear" kunne ne, kuma zangarniyar gero ce, kamar yadda "bank" yake nufin banki da kuma gaɓar kogi. Duk rukunin da ya kawo kalma sai ya faɗi ma'anarta da Hausa, ya sa ta a jimla, sannan a rubuta masa maki.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce: manhaja ta yi yawa, aji ya cika maƙil, ina lokacin wasa? Gaskiya ne cunkoso yana nan, kuma ƙungiyarmu ba za ta daina neman ƙarin malamai da azuzuwa ba. Amma a babban aji ne wasan rukuni ya fi amfani, domin yara goma suna aiki tare maimakon ɗaya yana amsawa saura suna gyangyaɗi. Minti goma a ƙarshen darasi, sau biyu a mako, ba zai rushe manhaja ba.

Wasu kuma suna tsoron kada Hausa ta raunana. Ni a ganina ƙarfi za ta ƙara, tunda da ita ake biyan kuɗin kowace kalma. Mu da muka tashi da kacici-kacici da zaurance a dandali, ba wanda zai koya mana daɗin wasa da harshe. Turancin ma ba gagara-badau ba ne: a watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya karɓi kalmar Kannywood, wadda a Kano aka haife ta. Harshe gona ce, mai noma ta shi ke ci.

Saboda haka ina roƙon reshenmu abu uku. Na farko, ya nemi hukumomin ilimi na ƙananan hukumominmu da SUBEB su sa ƙamusun Turanci da Hausa aƙalla ɗaya a kowace makaranta. Littattafan suna nan: Bargery ya wallafa nasa tun 1934, Neil Skinner da Roxana Ma Newman kuma sun yi na Turanci zuwa Hausa. Tunda gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, wannan ƙaramar buƙata ce. Na biyu, a ware rabin yini a taronmu na gaba mu koya wa juna waɗannan wasanni. Na uku, a shirya gasa tsakanin makarantun yankinmu sau ɗaya a zango, a kan dokar ma'ana kafin maki.

Ku kuma iyaye, ko ba ku jin Turanci kuna da rawar takawa. Idan yaro ya dawo daga makaranta, ku ce ya faɗa muku sabuwar kalma ɗaya da fassararta. Wanda ya iya bayyana wa kakarsa ma'anar kalma, ya mallake ta.

Da kaka mai zuwa ina fatan in sake tambayar yaron nan, ya ɗaga kai ya ce mini: "Malam, girbi ke nan." Allah ya yi mana jagora.