Kwamfutar asusu: me za a saya, me za a bari?

'Yan uwa mata, tun da muka yanke shawarar haɗa kwamfutar tebur don lissafin asusunmu a nan Matameye, gardama ba ta ƙare ba. Yaron da zai haɗa mana ita ya dawo daga Damagaram da takardar kaya, har da katin hoto mai tsada. Muka ce, na mene ne? Wai na wasanni. Muka ce a cire shi. Zubi da bashi za mu rubuta, ba ƙwallo za mu buga ba.

Core i3 na hannu ya ishe mu, da RAM giga 8. Amma SSD sai sabo, ko da giga 256 ne, don cikinsa lissafin kowace mace zai zauna. Tsoho in ya mutu, da bashin mutane zai tafi, kuma kun san rigimar da za ta biyo baya.

Kuɗin katin hoton, ondila muka ce a saya da su, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta 'yan mintoci in an ɗauke wuta. Wasu sun ce ɓarna ce. Mu dai mun san wutar garinmu lokacin zafi.

Littafi kuwa yana nan hannun sakatariya. Ranar zubi a cikinsa za a fara rubutawa.