Django Da Samarinmu: Ina Darasin Yake?

A shekarar 1966 wani saurayi ɗan ƙasar Italiya, Franco Nero, ya fito a fim yana tafe cikin taɓo, yana jan akwatin gawa da babbar bindiga ɓoye a ciki. Sunan fim ɗin Django, Sergio Corbucci ne ya shirya shi, Nero kuwa bai cika shekara 25 ba. Duk wanda ya shiga silima a Kano ko Sakkwato zamanin da ake yayin fim ɗin kaboyi ya san wannan suna, har ya zama laƙabin samari masu ji da ƙarfi.

To, jama'a, Italiya ba ta da kaboyi. Labarin na Amurka ne, Italiyawa suka ara, suka ɗauki hotunansa a ƙasarsu da Sifen, suka sayar wa duniya. Shi kansa Nero sana'a ya ɗauki abin. Ya fito a Camelot a 1967, ya yi aiki da Luis Buñuel a Tristana a 1970, ya koma kaboyi a Keoma a 1976, har Quentin Tarantino ya karrama shi da 'yar fitowa a Django Unchained a 2012. Da an kashe kyamara sai ya ajiye bindiga ya tafi gida.

Mu kuwa hula da taƙama muka kwaso. Maƙwabtanmu sun riga mu ganin haɗarin, domin a 1966 ɗin nan Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar ya shirya Le Retour d'un aventurier, labarin wani da ya dawo gida da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauyensu. An kalle shi a matsayin raha. Yau da 'yan bindiga a kan babura ke hana manoman Sakkwato da Zamfara zuwa gona, wa zai yi dariya?

Yaron Fakku ba ya bukatar silima, fim yana cikin wayarsa. Idan jarumin da yake gani kullum mai kisa ne, kada mu yi mamakin abin da zai yi sha'awa. Hana kallo ba zai yiwu ba, sai dai a ba shi abin da ya fi. Muna da dawaki da mahaya daga Tambuwal har Kebbe, muna da tarihin sarakuna da malamai da fatake. Adamu Halilu ya nuna hanya da fim ɗin Shaihu Umar tun 1976.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Sakkwato da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su haɗa kai da Hukumar Fina-finai ta Ƙasa da ke Jos, a horar da matasa rubutun labari da ɗaukar hoto. Ɗalibai su rubuta mana jarumin da ke kare ƙauyensa da hikima da amana. Wanda ya ari riga ya kamata ya koyi ɗinki. Allah Ya sa mu gane.